Tabon Girar Malam Filibus

Masunta ne suka tsince shi da hantsi, a bakin wani fili da ke gangaren fadama, kudu da garin Haɗeja. Abdulwahid dillali yana kwance a kan ɗan tudu, jini ya daskare a ƙeyarsa, numfashinsa sama-sama. Hannunsa na dama a dunƙule yake. Da suka ɓamɓare yatsun kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, sai ga wani ɗan kati ya faɗo.

Babu wanda bai san katin nan ba a Haɗeja. Tun da aka ba da Jihar Jigawa ma'aikata suka yi ta dawowa daga Kano, fili ya yi daraja, dillalai suka yi yawa, kowa da bakinsa mai zaƙi. A cikinsu mutum ɗaya ne ya buga kati ya manna hotonsa a jiki, wato Malam Filibus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe yana koyarwa a garin kafin ya ajiye alli ya shiga dillancin filaye da gidaje. In aka tambaye shi dalilin hoton, sai ya ce yawancin masu zuwa wurinsa ba su yi boko ba, amma wanda bai iya karatu ba ai ya iya fuska.

Fuskar tasa ce yanzu a cikin laka, kusa da jinin Abdulwahid.

Sajan Bitrus da aka turo wurin ya dubi katin, ya dubi jama'ar da ke taruwa, sai ya aika a kirawo Ja'afaru mai bin sawu. Ja'afaru tsohon maharbi ne, kuma daga nan har Birniwa, in aka kore wa mutum shanu, shi ake nema.

“Baba,” in ji Sajan, ya yi ƙasa da murya, “ni da Filibus cocinmu ɗaya. Duk abin da na faɗa za a ce nawa nake karewa. Kai ka duba ƙasar nan, abin da ka gani shi ne.”

Ruwa bai daɗe da janyewa daga fadamar ba, lakar tana riƙe sawu kamar an zana. Ja'afaru ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi gefe yana sunkuye. Ya tsaya a kan wani sawun takalmin kambas mai faci a dunduniya.

“Wannan na Malam Filibus ne,” ya ce. “Sai dai kuma...”

Ba a bari ya ƙarasa ba. Wani ya yi salati da ƙarfi, samari suka juya da gudu suka nufi gari, maganar tana gaba suna binta. Ja'afaru ya miƙe yana kiransu, babu wanda ya waiwayo.

“Sai dai me?” Sajan ya tambaya.

“Sai dai shanu sun taka a kansa. Shanun nan jiya da yamma suka wuce. Sawun jiya ne, ba na yau ba.” Ya cije leɓe. “Na ba su rabin magana sun tafi da ita.”

Ya koma kan aikinsa, ransa a ɓace. Ban da na masuntan, sawun yau na mutum biyu ne: silifas ɗin Abdulwahid, da wani mai faɗin ƙafa da ya tuɓe takalmi saboda laka. Sun daɗe tsaye suna fuskantar juna, har ƙafafunsu suka nutse. Ga ramin da aka zare turken iyaka, ga turken can an yar. Abdulwahid a bakin ruwa ya faɗi, rub da ciki. Daga nan Ja'afaru ya ga abin da ya tsayar da shi. Mai faɗin ƙafar ya durƙusa, ga gurbin gwiwoyinsa biyu. Ya ja Abdulwahid daga ruwa zuwa tudu, sa'an nan ya gudu.

“Hular tasa a ina kuka same ta?” ya tambayi masuntan.

“A ninke take, ƙarƙashin kansa.”

Ja'afaru ya juya ya dubi tudun. Can ya ce wa Sajan, “Maƙiyi ba ya yi wa mutum matashi.”

*

Kafin su isa caji ofis an riga an cika ƙofar. Allah ya taimaka 'yan sanda sun riga jama'a zuwa wurin Filibus, suka kawo shi suka rufe. Mai Unguwa Isa yana tsaye bakin ƙofa da sandarsa yana ba da haƙuri, muryarsa har ta dushe.

A ciki, Auta, ƙanen Abdulwahid, yana ba da jawabi. Saurayi ne dogo, idanunsa sun yi ja don kuka. Shi ne ke kai wa yayansa masu saye su ga fili a kan babur.

“Jiya da yamma Filibus ya zo gidanmu neman Yaya, bai same shi ba,” in ji Auta. “Ya ba ni katinsa ya ce in gaya masa su haɗu a fadama da safe. Ga shi ma.” Ya zaro kati daga aljihu ya ɗaga, ya mayar. “Ni na isar da saƙon. Ni na tura shi da bakina.”

Ya kifa kai a bango yana shessheƙa. Waɗanda ke leƙe ta taga suka kai maganar waje, hayaniya ta ƙaru.

Mai Unguwa ya ja Ja'afaru gefe. “An fara maganar zuwa layin malamai, inda iyalinsa suke. Zan iya riƙe su zuwa la'asar. In kasuwa ta tashi 'yan ƙauye suka shigo cikin maganar nan, ni da kai duk ba mu isa ba.”

Ja'afaru ya nemi a ba shi katin da aka samu a hannun Abdulwahid, ya kuma nemi ganin Filibus. Ya same shi zaune a ƙasa, ba tabarau, leɓensa a fashe.

“Malam, me ya kai ka filin nan jiya?”

“Baba, labari na ji ana kafa turaku a kwarin nan da sunana. Wurin da duk damina ruwa ke shanye shi! Wa zai sayar wa mutum gindin kogi ya ce ya yi gini? Na je na gani da idona, na koma gida.”

“Ka biya gidan su Abdulwahid?”

“Ban taka ba. Me zai kai ni? Jiya ko ganin Auta ban yi ba.”

“Wa ya ba ka labarin turakun?”

“Alhaji Tukur. A majalisa ya jefe ni da maganar, yana dariya.” Filibus ya riƙo hannun rigar Ja'afaru. “Baba, Rahila da yara. Ni bar ni, su ka duba mini.”

*

Alhaji Tukur shi ne babba a dillalan garin, kuma kowa ya san ba ya ga maciji da Filibus tun da katin nan ya fara janye masa masu saye. Da Abdulwahid ma sun yi cacar baki a kasuwar kifi kwanan baya, har aka shiga tsakani. In akwai wanda zai so ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, shi ne.

Ja'afaru ya same shi a rumfarsa, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera, an naɗe ta da tsumma.

“Ni kake zargi ko?” in ji Tukur tun kafin su gama gaisawa. “To dubi ƙafar nan. Kurkunu ce, tun kafin a yanke shinkafa. Masallaci ma da sanda nake zuwa. Ka ga sawun sanda a fadamar?”

“Ban gani ba. Amma mai kuɗi ba ya rasa ƙafar aro.”

Tukur ya yi tsaki. “Ban son Filibus, ban ɓoye ba. Mutum ya ɗauki fuskarsa yana rabawa a tasha kamar goro! Na gaya masa, fuskar da ka sa a aljihun mutane ba ka san inda za ta kwana ba. Amma duka? Haba Ja'afaru. Abdulwahid a gabana aka yi sunansa.”

“Wa ya gaya maka ana kafa turaku da sunan Filibus?”

“A bakin 'yan tasha na ji. Wai yaronsa yana yawo da katinsa ta wajen Kafin Hausa da Birniwa yana tallar filaye da araha.”

“Filibus ba shi da yaro.”

“To ka ji.” Tukur ya gyara ƙafarsa yana yamutsa fuska. “In kana son bakin zaren, nemi wata tsohuwa Babarbariya da ta zo jiya. Nan ta fara tambaya, na ce ba ruwana. Na ga Abdulwahid ya zaunar da ita a shagonsa, sun daɗe. Gidan masu bandar kifi ta sauka.”

*

Sunanta Yakaka, daga wani ƙauye bayan Birniwa. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma sai an matso take gane mutum. Tana zaune a inuwar zana, hayaƙin banda yana wucewa ta kanta. Da ta ji abin da ya sami Abdulwahid, sai ta dafa ƙirji.

“Innalillahi! Ni na jawo masa. Yaron kirki.”

“Iya, faɗa mini daga farko.”

Ta ce ɗanta direba ne, yana son ta dawo Haɗeja kusa da asibiti saboda idonta. Ta sayar da raƙuman da mijinta ya bari don ta sayi wurin da za a yi mata ɗaki. A kasuwar Birniwa wani saurayi ya same ta, ya ce shi yaron Malam Filibus ne, ya ba ta kati.

“Na kai wa limaminmu hoton, ya ce ya san fuskar, shi ya saya wa ƙanensa gida, mutum ne mai amana. Shi ke nan na sakankance. Na ba yaron abin da ke hannuna. Ya ce in zo Haɗeja, yau da safe mu haɗu a bakin filin ya nuna mini iyakata. Jiya da na sauka nake tambayar hanya, duk wanda na kwatanta wa sai ya ce, Iya, ai can gidan ruwa ne.”

“Sai Abdulwahid ya ce me?”

“Ya karɓi katin ya juya shi. Ya ce Filibus ba zai yi haka ba, kuma ba shi da yaro. Ya ce, Iya ki zauna, ni zan je a madadinki gobe in ga wane ɗan iska ne ke ɓata mana sana'a.”

Ja'afaru ya fahimci abin da ya faru. Ashe ba wanda ya aika wa Abdulwahid saƙo. Da ƙafarsa ya je, bai san wanda zai tarar ba. Wanda ya zo kuma tsohuwa makauniya yake tsammani.

“Za ki gane yaron?”

“Da ido kam a'a. Dogo ne dai, mai ladabi, sai ya durƙusa yake gaishe ni. Amma kunnena lafiya lau yake, ɗana.”

*

Rana ta karkata lokacin da ya isa layin malamai. An rufe ƙofofi, ba yaro ko ɗaya a waje. A bakin gidan Filibus, maƙwabtansa biyu, wani tela da wani mahauci, sun shimfiɗa tabarma sun zauna kamar masu shan iska, amma mahaucin bai ajiye gatarinsa nesa ba. Can bakin layi samari sun yi cirko-cirko.

Rahila, matar Filibus, ta buɗe masa. Ta riga ta ɗaure kaya a zani, yaran suna zaune a kai.

“Jiya da ya dawo daga fadama ya sake fita?” Ja'afaru ya tambaya.

“Bai fita ba, Baba. Takalmansa na wanke masa, yana zaune nan yana duba wa yara aikin makaranta har aka kira magariba. Amma wa zai yarda da ni? Matarsa ce.”

Ya ciro katin ya miƙa mata. “Wannan aka samu.”

Ta karɓa da yatsu biyu saboda jinin da ke gefensa. Ta dube shi, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta sake dubawa.

“Shi ne, kuma ba shi ba ne,” ta ce a hankali.

“Kamar yaya?”

“Kamar yadda nake hango shi a madubi in yana aski.” Ta shiga ɗaki da sauri ta fito da gwangwanin da Filibus ke ajiye katunansa, ta zaro ɗaya ta jera su a tafin hannunta. “Baba duba. Tun yana yaro ya faɗo daga mangwaro, girarsa ta hagu ta tsage, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Ga shi nan a namu, a hagu. A wannan fa?”

Ja'afaru ya matso. Riga ɗaya, zama ɗaya, murmushi ɗaya. Amma a katin da aka ɓamɓare daga hannun Abdulwahid, tabon ya koma girar dama. Ya zazzage gwangwanin a kan tabarma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk a hagu.

“Kwance kayan nan tukuna, 'yata,” ya ce. “Ara mini gwangwanin.”

*

Shu'ibu mai hoto yana ƙoƙarin rufe shagonsa da wuri sa'ad da Ja'afaru ya sa ƙafa ya tare ƙofar. Da ya ga katunan biyu, sai ya fara rantsuwa.

“Wallahi Baba ba aikina ba ne. Ni na ɗauki Malam, ni na wanke masa duk hotunan da ya manna. Wannan kuwa kifa fim ɗin aka yi wajen wankewa. In ka sa shi ta baya, dama ta koma hagu. Wanda ya san Malam ba zai yi wannan kuskure ba. A wani gari aka wanke shi, inda ba a san fuskarsa ba.”

“Fim ɗin yana ina?”

Shu'ibu ya sunkuyar da kai. “Ya ɓata tun kafin damina. Tsoro ya hana ni gaya wa Malam. A kwalin nan na ƙarƙashin benci nake tara su.”

“Ka taɓa ba Filibus shi?”

“Ba na ba kowa fim. Da shi nake riƙe mai ciniki.”

“Wa ya san abin da ke cikin kwalin?”

Shu'ibu ya dubi titi, ya dubi ƙasa. “Masu zama a bencin suna da yawa. Amma wanda ya san kwalin, sai wanda ya taɓa yi mini aiki. Mutum ɗaya ne, bara, kafin ya ce sana'ar ba ta kawo kuɗi da sauri.”

Ya faɗi sunan. Ja'afaru bai yi mamaki ba.

*

Aka taru a zauren Mai Unguwa Isa bayan sallar la'asar. Sajan Bitrus ya kawo Filibus ta ƙofar baya. Ga Alhaji Tukur da sandarsa, ga Shu'ibu a takure, ga Auta kusa da dattawan gidansu. An zaunar da Yakaka a lungu bayan ƙofa, ba wanda ya kula da ita. A waje jama'a sun toshe hanya, ana jin gunaguninsu kamar ruwa na tahowa.

Abu ɗaya Ja'afaru bai tabbatar ba. Katin da Auta ya ɗaga da safe, daga nesa ya gan shi. In tabon da ke jikinsa a hagu yake, to ba shi da abin riƙewa sai sawu da zato, kuma zato ba zai mai da mutanen da ke waje gida ba.

Ya fara da kansa. “Da safe na ce na ga sawun Malam Filibus. Gaskiya ne. Abin da ba ku tsaya kuka ji ba, sawun jiya ne, shanu sun bi ta kansa.” Ya juya. “Alhaji Tukur, ƙafarka ta wanke ka. Shu'ibu, kai sakaci ka yi, za a ji naka daga baya. Duk wanda Malam Filibus ya taɓa ba kati hannu da hannu, ya fito da shi.”

Mai Unguwa ya laluba aljihu ya ajiye nasa. Wani dattijo ya ajiye. Har Tukur, yana ƙunƙuni, ya zaro ɗaya daga cikin hularsa. Ja'afaru ya jera su a kan buzu tare da na gwangwani, ya sa Filibus ya matso ya ɗaga fuska.

“Ku dubi girarsa, ku dubi hotunan. Tabon yana ina?”

“Hagu,” in ji Mai Unguwa.

Ja'afaru ya ajiye mai jinin a gefe. Dattawa suka sunkuya. Wani ya ce, “Ikon Allah, ya koma dama.” Shu'ibu ya yi bayanin fim ɗin da aka sace da yadda aka kifa shi.

“Ke nan akwai kati iri biyu a ƙasar nan,” in ji Ja'afaru. “Wanda ya fito daga hannun Malam, da wanda ɓarawo ya buga yana sayar wa bayin Allah gindin ruwa.” Sai ya dubi Auta. “Ɗana, ka ce jiya Malam ya zo gidanku.”

“Ya zo.”

“Shi da kansa ya ba ka katin? Ba aike ba?”

“Hannu da hannu, a ƙofar gida. Sau nawa zan faɗa?”

“Ajiye shi nan.”

Auta ya dubi buzun. A lokacin ne ya fahimci abin da ake nema, don hannunsa ya tsaya a bakin aljihu. Sajan ya taso ya tsaya a kansa. Auta ya zaro katin a hankali ya sake shi, ya faɗi a kife. Mai Unguwa ya sa yatsa ya juya shi.

Tabon yana dama.

“To ai... ai shi ya san inda ya samo shi!” Auta ya ɗaga murya. “Ni me ya dame ni da girarsa? Yayana yana kwance rai a hannun Allah, ku kuna nan kuna kallon hoto!”

Daga bayan ƙofa Yakaka ta ce, “Wannan muryar ce. Ɗana, ba kai ne ka ce in kira ka jikana ba?”

Auta ya waiga kamar an watsa masa ruwan zafi. Ja'afaru bai ɗaga murya ba.

“Na ga inda ka tuɓe takalmi. Na ga inda kuka tsaya kuka daɗe. Na kuma ga inda ka durƙusa ka fid da fuskarsa daga ruwa, ka ninke hularsa ka tallafe masa kai. Tun a wurin na san ba baƙo ba ne. In kana so a jiƙa ƙasa a tsakar gidan nan ka taka, sai a jiƙa.”

Ba a kai ga jiƙa ƙasa ba. Auta ya zube a gaban dattawan gidansu.

“Tsohuwar nake jira, sai na ga Yaya,” ya ce, kuka yana yanke masa magana. “Ya ce in wuce mu je wurin Mai Unguwa in faɗa da bakina. Na roƙe shi, na roƙe shi. Ya juya zai tafi. Ban san lokacin da na zari turken ba. Wallahi ban ga katin a hannunsa ba. Da na ji gari ya ɗauka Filibus ne, sai na bi bakin mutane.”

“Ka bi bakin mutane,” in ji Mai Unguwa, “ko ka ba su wuta?”

Ya tashi da kansa ya fita da katunan biyu, ɗaya a kowane hannu, ya sa aka yi ta miƙa su daga mutum zuwa mutum. Hayaniyar ta yi ta raguwa. Kafin rana ta faɗi hanya ta buɗe, kowa ya sulale, ba mai son haɗa ido da ɗan'uwansa.

*

Abdulwahid bai mutu ba. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, sa'an nan wata safiya ya buɗe ido, harshensa a nauyaye, hannun hagu ba ya motsi. Sajan ya je ɗaukar jawabinsa, Ja'afaru ya raka shi. Suka tarar da Filibus a bakin gado, ya kawo kunun gyaɗa da Rahila ta dama. Ba wanda ya gaya wa majinyacin abin da ya faru bayan faɗuwarsa.

“Wa ya buge ka?” Sajan ya tambaya.

Abdulwahid ya dubi rufi. “Santsi... ya kwashe ni,” ya ce da ƙyar. “Faɗuwa na yi. Ni kaɗai ne a wurin.”

Sajan ya dubi Ja'afaru. Ja'afaru ya dubi ƙasa.

Filibus ne ya yi magana, ba tare da zafi ba. “Abdulwahid, Auta ya riga ya faɗa da bakinsa. Yana hannun hukuma. Ranar nan, da katina a hannunka aka same ka. Saura kaɗan a ƙone gidana da 'ya'yana a ciki.”

Idanun Abdulwahid suka sauko kan fuskar Filibus, suka tsaya a kan leɓen da bai gama warkewa ba. Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Ya yi ƙoƙarin magana, ta ƙi fita, ya sake ƙoƙari.

“Da ban farka ba...”

“Ka farka,” in ji Filibus. Ya ɗauki kofin ya juya kunun da cokali. “Da ƙanena ne, ban san abin da zan ce wa Sajan ba ni ma. Buɗe bakinka, ya fara hucewa.”

Abdulwahid ya buɗe baki. Ja'afaru ya taɓa kafaɗar Sajan, suka fita suka bar su.